Shekara 64 A Majalisar Dokoki

Malam Edita, ka ba ni ɗan fili a shafinmu na Hausa in ba 'yan'uwana labarin wani mutum, gama wani kuskure da na yi a gaban aji shi ya kai ni ga labarinsa, ba na kuwa so wani daga cikinmu ya sake yin irinsa.

A zangon da ya wuce, sa'ad da aka rarraba mu makarantu domin koyarwar gwaji, aka ba ni aji shida a wata makarantar firamare ta bayan gari. Ran nan ina koya musu yadda a ke mulkin ƙasa. Na zana Gwamna a allo, na zana Majalisar Dokoki, na zana kotu, ina ta bayani raina fari, domin malaminmu mai duba mu yana zaune a bayan aji da littafinsa, na kuwa ga yana gyaɗa kai. Sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wakilin garinmu zai koma majalisa karo na uku ke nan. Ba a hana ba?" Ni kuwa ban tsaya na yi tunani ba, na ce masa lalle an hana, sau biyu kaɗai doka ta yarda. Na ma rubuta a allo, yara suka kwafa. Da aka fita tara, malamin ya kira ni gindin mangwaro ya ce, "Ɗana, yau ka koya wa aji guda abin da ba haka ya ke ba. Gwamna da Shugaban Ƙasa su ne doka ta tsayar wa sau biyu. Wakili kuwa, muddin jama'arsa na sonsa, ya iya komawa har ƙarfinsa ya ƙare. Je ka bincika ka gani, wane ne ya fi kowa daɗewa a irin wannan kujera, me kuma daɗewar ta haifa."

Kunya ta kama ni ƙwarai. Amma na bi umurninsa, binciken kuwa ya kai ni Amurka. Kada ku yi mamakin wannan, gama daga can ne ƙasarmu ta aro fasalin mulkin nan mai Shugaban Ƙasa da gwamnonin jihohi a cikin 1979. Can na sami labarin wani mutum mai suna Fred Risser, na jihar Wiskonsin, wanda ya shiga majalisar dokokin jiharsa a watan Janairu na 1957, bai fita ba sai a watan Janairu na 2021. Shekara 64 ke nan ba tsinkewa. Sa'ad da ya sauka, babu wani ɗan majalisar jiha a tarihin Amurka duka da ya kai shi daɗewa.

Bari in fara nuna muku wurin, kamar yadda a ke koya mana mu fara da taswira. Wiskonsin tana arewacin Amurka, Tafkin Mishigan na gabas da ita, wani babban tafki kuma na arewa. Ƙasa ce mai sanyi ƙwarai, har ruwan tafki ya kan daskare mutane su yi tafiya a bisansa. An san ta da shanun tatsa da cuku. Ta zama jiha a 1848, mutanenta kuwa sun kusa miliyan 6 bisa ga ƙidayar 2020. Babban birninta shi ne Madison, wanda ke zaune tsakanin tafkuna biyu, a nan ne babbar jami'ar jihar ta ke, a nan kuma aka haifi mutumin namu ran 5 ga Mayu 1927.

Majalisarsu ta bambanta da namu na jihohi. A wurinmu kowace jiha zaure ɗaya gare ta, wakilai daga 24 zuwa 40, kowa shekara 4. Su kuwa zaure biyu gare su. Akwai Majalisar Wakilai mai mutum 99, a kan zaɓe su kowace shekara 2. Akwai kuma Majalisar Dattawa mai mutum 33, su shekara 4 su ke yi. Sunan dattawa suna ne kawai, ba sai da furfura a ke shiga ba. Shi Risser yana da shekara 35 ya shige ta, sai dai ya zauna har sunan ya dace da shi.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kakan uwarsa, Clement Warner, soja ne da ya rasa hannu ɗaya a yaƙin basasar Amurka, daga baya ya zauna a wannan majalisa. Kakansa na wajen uwa, Ernest Warner, shi ma ya zauna, ana kuma tunawa da shi saboda dokar 1905 wadda ta sa a riƙa ɗaukar ma'aikatan gwamnatin jihar bisa ga cancanta. Ubansa, shi ma Fred sunansa, ya yi shekara 12 a Majalisar Dattawa, har Gaylord Nelson ya kayar da shi a zaɓen 1948. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne ba jam'iyya ɗaya suka bi ba. Kakannin 'yan Rifablikan ne, uban a ƙarƙashin jam'iyyar Firogiresif, watau ta masu neman ci gaba, aka zaɓe shi, ɗan kuwa ya zama ɗan Dimokurat, jam'iyyar mutumin da ya kayar da ubansa. Ina jin cin tuwon dare a gidan nan ba ya rasa gardama.

Yana gab da gama makarantar sakandare a 1945 ya shiga sojan ruwa, Yaƙin Duniya na Biyu kuwa ya kusa ƙarewa. Aikin jinyar marasa lafiya aka ba shi, ya yi aiki har a yankin mashigin ruwa na Panama. Da aka sallame shi a 1946 sai ya ci moriyar wata doka wadda ta sa gwamnati ta biya wa tsofaffin sojoji kuɗin karatu. Ya karanta shari'a a Jami'ar Oregon, ya komo gida ya zama lauya. A zaɓen 1956 ya tsaya, ya ci kujerar Majalisar Wakilai yana da shekara 29. A 1962 aka naɗa dattijon da ke wakiltar Madison alƙali a babbar kotun jiha, kujera ta zama ba kowa, aka yi zaɓen cike gurbi, Risser ya ci. Ita ce kujerar da ubansa ya rasa shekara 14 kafin nan.

Shekara 64 magana ce mai sauƙi a baki, sai an auna ta a ke sanin tsawonta. Ran da ya fara zama, jihohin Amurka 48 ne, Alaska da Hawai ba su shigo ba tukuna. Gana ba ta sami mulkin kai ba, sai bayan wata biyu. Ya yi aiki da gwamnoni 13, shugabannin Amurka 12 kuma suka yi mulki yana zaune. Ya zama shi ne na ƙarshe cikin sojojin Yaƙin Duniya na Biyu da ke zaune a wata majalisar jiha. In muka juyo gida, za mu ga babu yadda za a yi ɗan ƙasarmu ya yi irin wannan, ko da jama'arsa sun so shi kamar me, gama soja sun rufe majalisu a 1966, suka sake rufewa a ƙarshen 1983, suka kuma rufe a 1993. Wanda ya shiga a 1999, in yana so ya kamo Risser, sai ya kai 2063. Ashe daɗewar mutum a majalisa tana bukatar majalisar da kanta ta daɗe ba a rushe ta ba.

To, me ya yi da waɗannan shekaru duka? Wannan ita ce tambayar da malamina ya aike ni nema, ba kuwa za a gane amsarta ba sai an san yadda a ke yin doka.

In wakili yana da wata shawara, sai a rubuta ta ta zama shirin doka. A karanta sunanta a zaure, a miƙa wa kwamiti. Kwamiti ya kan kira jama'a, mai so ya faɗi dalilinsa, mai ƙi ya faɗi nasa. In shugaban kwamiti ba ya son shirin, ya iya ajiye shi kawai ya ƙi sa masa rana, shi ke nan. In ya tsallake kwamiti sai zaure ya yi muhawara ya jefa ƙuri'a, sa'an nan a kai ɗaya zauren a sake bin hanyar daga fari. In zaurukan biyu sun yarda da kalmomi iri ɗaya, sai a kai wa Gwamna. Ya sa hannu, ta zama doka. Ya hau kujerar na ƙi, sai an sami kashi biyu cikin uku na kowane zaure kafin a rinjaye shi. Ga kuma wani abu da ban sani ba a dā: majalisa zango-zango ta ke aiki, kowane zango shekara 2. Duk shirin da bai kai gaci ba kafin zango ya ƙare ya mutu, sai a sake shigar da shi sabo fil a zango mai zuwa. Kamar yaron da ya faɗi jarrabawa ne, aka ce ya koma aji ɗaya, ba ajin da ya faɗi ba. Yawancin shirye-shiryen da a ke shigarwa haka su ke mutuwa.

Ku duba maganar taba sigari, gama da ita aka fi sanin Risser. Sa'ad da ya shiga majalisa, shan taba ba abin magana ba ne a ofis, ko a jirgi, ko a gidan cin abinci. Har noman taba a ke yi a karkarar da ke kudu da Madison. A watan Janairu na 1964 Babban Likitan Gwamnatin Amurka ya fitar da rahoto cewa sigari na kawo sankarar huhu. Daga baya bincike ya nuna hayaƙin yana cutar har wanda ba ya sha, in yana zaune kusa da mai sha. Risser ya ɗauki wannan magana ya riƙe. A 1984 ya sami rabin biyan bukata: aka yi dokar da ta ce a gine-ginen gwamnati da asibitoci da makarantu da makamantansu, ba a shan taba sai a wurin da aka keɓe domin haka. Amma dokar ba ta taɓa mashaya ba, masu gidajen giya kuwa a Wiskonsin ƙungiya gare su mai ƙarfi, wadda wakilai ke jin tsoronta.

Ga yadda gardamar ta ke. Masu mashaya suka ce gidajensu ne, wanda ba ya son hayaƙi kada ya shigo, in kuma aka hana taba ciniki zai mutu, musamman a ƙauyuka. Su Risser suka ce mai shigowa yana da zaɓi, amma yarinyar da ke kai abinci tebur daga safe har dare ba ta da shi, gama abincinta ke nan. Birnin Madison ya gaji da jira, ya kafa dokarsa ta kansa a 2005. A majalisar jiha kuwa shirin ya yi ta mutuwa, har a zangon 2007 zuwa 2008, lokacin da jam'iyyarsa ke da rinjaye a Majalisar Dattawa, shi kansa yana bisa kujerar shugaba, waɗansu 'yan jam'iyyar tasa suka tare hanya. Sai a watan Mayu na 2009 Gwamna Jim Doyle ya sa hannu a dokar da ta hana shan taba a cikin wuraren aiki, har da mashaya da gidajen cin abinci. Ko a nan ma sai da aka yi sassauci, aka ba masu mashaya fiye da shekara guda su shirya, dokar ta fara aiki ran 5 ga Yuli 2010.

Ku lissafta. Daga rahoton likita zuwa cikakkiyar doka shekara 46. Daga rabin doka zuwa cikakkiya shekara 26. Da sau biyu kaɗai a ke yarda wa wakili, kamar yadda na koya wa yaran nan, da mutumin ya bar majalisa tun kafin a kai ga rabin dokar ma. Ba na cewa da ba shi da ba a yi ba, gama jihohi da yawa sun yi irinta, waɗansu ma sun riga Wiskonsin. Amma dai a wannan jiha an sami mutum ɗaya wanda ya san duk inda shirin ya taɓa yin tuntuɓe, ya san wanda ya ƙi da dalilin ƙinsa, ya kuma jira har masu ƙin suka sauka ko suka sake ra'ayi. Mai haƙuri ya kan dafa dutse, in ji mutane, sai dai ba su faɗi yawan itacen da ya kan ƙone ba.

Wani abin da daɗewa ta ba shi shi ne sanin ƙa'idodin zaure. A dā Mataimakin Gwamna ne ke shugabancin Majalisar Dattawa. A 1979 jama'ar jihar suka gyara tsarin mulkinsu, aka ce dattawa su zaɓi shugaba daga cikinsu, Risser ne kuwa na fari da aka zaɓa. Ya riƙe kujerar har 1993, ran da jam'iyyarsa ta rasa rinjaye ya sauka ya koma cikin sahu. Bayan haka ya hau ya sauka sau da dama, bisa ga yadda zaɓe ya juya, hawansa na ƙarshe daga tsakiyar 2012 zuwa farkon 2013. Wannan hawa da sauka ya burge ni fiye da yawan shekarun. Mu nan ko shugaban ɗalibai aka sauke ya kan yi wata guda ba ya gaisuwa da kowa. Ya kuma daɗe cikin hukumar da ke kula da gine-ginen jiha, a zamaninsa aka yi wa babban ginin majalisa, wanda aka gama tun 1917, gyara na shekara da shekaru. An san shi da hawan keke mai nisa har cikin tsufansa, da bin matakala da ƙafa a ginin nan.

Yanzu na zo wurin da labarin ya taɓa mu, mu masu shirin zama malamai.

A zaɓen 2010 jam'iyyar Rifablikan ta ci kujerar Gwamna da zaurukan biyu duka. A watan Fabrairu na 2011 sabon Gwamna, Scott Walker, ya kawo wani shirin doka. Ya ce baitulmalin jiha na fuskantar giɓin dala miliyan 3,600 cikin shekara 2 masu zuwa, saboda haka dole ma'aikatan gwamnati su riƙa biyan wani kashi na kuɗin fanshonsu da na inshorar lafiyarsu daga albashinsu. Da a nan ya tsaya, da rigimar ba ta kai inda ta kai ba, gama shugabannin ƙungiyoyin ma'aikata sun ce sun yarda da biyan. Amma shirin ya kuma ce ƙungiya ba ta da ikon zama da hukuma ta yi ciniki a kan kome sai tsurar albashi, shi ma ƙarin kada ya wuce tashin farashin kaya. Ba maganar lokacin aiki, ba maganar hutu, ba maganar sauran sharuɗɗan aiki. An hana cire kuɗin ƙungiya daga albashi, an kuma ce kowace shekara sai ma'aikata sun sake jefa ƙuri'a cewa har yanzu suna son ƙungiyarsu. An ware 'yan sanda da 'yan kwana-kwana, dokar ba ta hau kansu ba. Malaman makaranta kuwa ta hau kansu sosai. Abin da ya ƙara wa mutane zafi, Wiskonsin ce jihar da ta fara ba ma'aikatan hukumomin gari wannan iko a Amurka, tun 1959, Risser yana sabon wakili.

Dubban mutane suka cika ginin majalisa da filin da ke kewaye da shi cikin tsananin sanyi, waɗansu har kwana su ke yi a ciki. Makarantun Madison suka yi kwanaki a rufe domin malamai sun tafi can. Amma a zauren dattawa lissafi a fili ya ke: Rifablikan 19, Dimokurat 14. In aka jefa ƙuri'a an gama.

Sai dai tsarin mulkin jihar ya ce duk shirin da ya shafi kashe kuɗi, ba a jefa masa ƙuri'a sai kashi uku cikin biyar na 'yan zaure suna nan. Kashi uku cikin biyar na 33 ya kama mutum 20. Masu rinjaye kuwa 19 ne, saura ɗaya. Ran 17 ga Fabrairu 'yan Dimokurat ɗin nan 14 suka bar jihar gaba ɗaya, suka ƙetara iyaka zuwa jihar Ilinoi, inda 'yan sandan Wiskonsin ba su da ikon kamo su. Risser yana cikinsu, yana da shekara 83. Suka yi mako uku a can. Aka aika 'yan sanda gidan jagoransu, aka yi musu barazanar tara, ba wanda ya komo.

Amma sanin ƙa'ida ba na gefe ɗaya ba ne. Ran 9 ga Maris masu rinjaye suka zare duk sassan da suka shafi kashe kuɗi daga cikin shirin, suka bar sassan da suka shafi ƙungiyoyi. Da haka bukatar mutum 20 ta faɗi. Suka jefa ƙuri'a, 18 suka yarda, 1 ya ƙi. Gwamna ya sa hannu ran 11 ga wata, washegari masu gudun suka komo Madison, taro ya tarye su da sowa, amma doka ta riga ta tabbata. Cikin 'yan shekaru babbar ƙungiyar malaman jihar ta rasa fiye da rabin 'ya'yanta. An yi ƙoƙarin tsige Walker da ƙuri'ar jama'a a 2012, ya ci. Sai a 2018 ya faɗi, wanda ya kayar da shi kuwa, Tony Evers, tsohon malamin makaranta ne. A watan Disamba na 2024 wani alƙali a Madison ya yanke hukunci cewa yawancin dokar ta saɓa wa tsarin mulkin jihar, aka ɗaukaka ƙara.

Mun yi gardamar wannan gudu a ɗakin kwananmu har aka kashe fitila. Wani abokina ya ce abin kunya ne, dattijo mai shekara 83, wanda ya fi kowa sanin cewa majalisa da ƙuri'a ta ke aiki, ya tsere domin ya ga za a kayar da shi. Ya ce in muna wasan ƙwallo aka ci mu biyu, ba ma ɗauke ƙwallon mu tafi gida. Maganarsa tana da ƙarfi, ban kuwa iya rushe ta duka ba. Abin da na ce masa shi ne, an kawo shirin ran Juma'a ana neman a gama da shi cikin mako mai zuwa, alhali zai rushe abin da aka shekara 50 ana bi. Mako ukun nan ya ba jama'a damar karanta abin da ke ciki. A ganina jinkiri suka saya, sun kuwa samu. Amma dokar ba su hana ta ba, shekara 54 da Risser ya riga ya yi a majalisa a lokacin ba ta ƙara masa ƙuri'a ko ɗaya ba. Duk daɗewarsa, hannu ɗaya ya ke ɗagawa, daidai da yaron da ya shigo jiya.

Akwai kuma wata fuska ta labarin wadda bai kamata in ɓoye ba don ina sha'awar mutumin. Madison gari ne na jami'a da ma'aikatan gwamnati, jam'iyyar Dimokurat ke ci a can kusan kullum. Sau da yawa Risser ya tsaya zaɓe ba abokin hamayya. Saboda haka ba daidai ba ne a ce kowace shekara 4 jama'a sun auna shi da wani sun ga ya fi. Wani lokaci ba wanda aka auna shi da shi. Ku tuna kuma gidansu gidan majalisa ne tun kakanni, sunan ya riga shi shiga kunnen mutane. Yaro nawa ne masu basira aka haifa a garin nan, suka girma, suka tsufa, ba su ko gwada neman kujerar ba domin sun san ba ta motsi? Ba wanda ya ƙidaya su.

Irin wannan tunani ne ya sa a 1990 jihohin Kalifoniya da Kolorado da Oklahoma suka sa wa wakilansu iyaka, waɗansu jihohi kuma suka bi su. Makwabciyar Wiskonsin, watau Mishigan, ta yi tata a 1992: shekara 6 a zauren wakilai, 8 a na dattawa. Masu sukar wannan tsari suka ce in wakilai duka baƙi ne, sanin aiki ya kan koma hannun akawuna da masu kamun ƙafa na manyan kamfanoni, waɗanda ba wanda ya zaɓe su. A 2022 mutanen Mishigan suka sake gyara tasu, suka ce mutum ya iya yin shekara 12 jimla, ko da a zaure ɗaya ne. Wiskonsin ba ta sa iyaka ba. Ni dai, bayan na karanta duka, na fi karkata ga barin jama'a su yanke da kansu, amma da sharaɗi: zaɓen ya zama na gaskiya, wanda in sun gaji da mutum za su iya sauke shi. In wannan sharaɗi ya ɓace, yawan shekaru ba ya shaidar kome sai ƙarfin riƙo.

A watan Maris na 2020 Risser ya ba da sanarwa ba zai sake tsayawa ba, yana da shekara 92. Kafin sanarwar ma waɗansu matasa sun riga sun fito neman kujerar. Da ƙofa ta buɗe, mutum 7 suka yi takara a zaɓen fid da gwani na jam'iyyarsa, abin da ya nuna masu so suna nan tun dā, jira su ke yi. Wata lauya, Kelda Roys, ta ci. An haife ta a 1979, shekarar da aka fara zaɓen Risser shugaban Majalisar Dattawa, yana da shekara 22 a majalisa.

Ran Litinin ta makon ƙarshe na koyarwar gwaji na koma ajin nan, na sa yara suka buɗe littattafansu, suka ja layi a kan abin da na ba su, muka rubuta daidai. Na gaya musu ni ne na yi kuskure, ba su ba. Malaminmu yana bayan aji, bai ɗaga kai daga littafinsa ba. Yaron nan mai tambaya ya sake ɗaga hannu, ya ce to lalle sai ya yi sauri ya gaya wa babansa, gama tun ran nan ya kai masa labari cewa wakilinsu ya karya doka, baban kuwa ya riga ya faɗa wa mutane a kasuwa, ya ce malamin makaranta ne ya faɗa.